Tsohuwar Mota da Kuɗi Kaɗan: Abin Dubawa Kafin a Yi Sallama a Ƙasar Mafara

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, sannan darajar naira ta rikito a watan da ya biyo baya, mota 'yar tokunbo ta fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci da matsakaicin manomi. Dama tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, abin da ya rage wa hanyar Kwatano armashi. Shi ya sa idanun masu ƙaramin ƙarfi suka dawo kan motocin da ke cikin gida. A cikin masu neman kuwa akwai waɗanda ba ƙarancin kuɗi kaɗai ya kawo su ba. Sha'awa ce. Wani fijo 504 yake so, irin wadda mahaifinsa ya riƙa kai su makaranta da ita. Wani Marsandi ce ta tsaya masa a rai tun yana yaro, wani kuma Bital.

A Turai da Amurka, mai irin wannan sha'awa yakan ajiye tsohuwar motarsa a rumfa, ya lulluɓe ta, sai ranar hutu ya fito da ita a yi kallo. A Talata Mafara da Bakura da Maradun ba mai wannan sukunin. Motar da ka saya don marmari ita ce za ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita za ta ɗauko buhun shinkafa daga gonakin Bakolori, ita za ta kai iyali gaisuwa Gusau ko Sakkwato. Ga kuma halin tsaro da kowa ya sani: ba wanda ke fatan mota ta mace masa tsakanin Lambar Bakura da Tureta, ko a hanyar Maradun, rana na shirin faɗuwa. Don haka tambayar farko a nan ba ta kyan mota ba ce. Wa zai iya gyara ta a garin nan, kuma ina kayanta suke?

In aka bi wannan ma'auni, dole a fara da fijo. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, ta kuma zama zakarar motocin Turai ta 1969. Amma a Afirka ta yi suna. A 1975 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, tseren da ake yi a kan turɓaya da laka da duwatsu, kuma a wannan shekarar ce masana'antar PAN ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar manyan jami'ai, daga nan ta bazu a ma'aikatu da ƙananan hukumomi da tashoshin mota. Lokacin da ake aikin madatsar Bakolori, wadda aka kammala gininta a 1978, zamanin fijo ne sosai a arewa. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wato ba kowace 504 ce ta kai shekara arba'in ba, akwai 'yan baya-baya.

Abin da ya sa ta jure ba sihiri ba ne. Ƙafafunta na da doguwar lanƙwasa, tana shanye rami ba tare da ta jijjiga mutum ba, cikinta kuma ya ɗaga daga ƙasa. Da ƙafar baya take ja, furofelarta na cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta. Injinta na fetur, mai silinda huɗu, sarƙa ce ke juya masa tayimin, ba bel ba. Silindodin kuma siliɓ ne da ake zarewa a sa sababbi, don haka injin da ya gaji ana iya dawo da shi hayyacinsa ba tare da an sayi wani ba. Kafireto ne da ita, ba birenbos, ba sai an jona mata kwamfuta kafin a gane ciwonta ba. Tsohon bakanike da sifana da sukundireba da kunnensa ya ishe ta.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Juriyar nan ita ta cinye su. Wagon ɗin sun yi shekaru suna jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Gusau da Funtuwa da lodin da ya wuce ƙa'ida, akori-kura kuwa sun ɗauki taki da albasa da itace har bodinsu ya rabu. Da yawa sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, an yanka an auna a sikeli. Waɗanda suka rage da sauran lafiya galibi salun ne na tsofaffin ma'aikata da 'yan fansho, suna ajiye a zaure ko ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace. Irin waɗannan ake nema, kuma ba a wurin dillalai ake samun labarinsu ba, sai a bakin makanikai da masu fenti, ko lokacin rabon gado. Su ma makanikan da suka san fijo ciki da bai suna ta manyanta, yaransu kuwa Golf da Toyota suka taso suka tarar. Kafin ka sayi 504, ka fara sanin wanda zai riƙe maka ita. Ƙanwarta 505, wadda ta fito a 1979, ta fi ta daɗin zama, kuma wasu kayan injinsu na shiga juna.

Marsandi wani zance ne daban. Wadda aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, mai lamba 200 ko 230, da kuma ƙaramar nan 190 da ta fito a 1982, ƙarfe ne na gaske. Ka rufe ƙofar ɗaya daga cikinsu ka ji sautin, za ka gane dalilin da ya sa attajiran da suka so su. Sau da yawa ma kuɗin sayensu bai kai yadda ake zato ba, domin mutane na gudun shan mansu. Amma arhar saye ba ita ce arhar riƙo ba. Masu harafin E a ƙarshen lamba injekta ne irin na da, na kamfanin Bosch, wanda ba kowane gareji ne ya iya saita shi ba, shi ya sa za ka tarar an cire wa da yawa an ɗora kafireto. In an yi aikin da kyau ba laifi, in kuwa kame-kame aka yi, motar za ta riƙa zuƙar mai tana fitar da baƙin hayaƙi. Mai dizal ta fi jimiri, amma kuɗin gas ya kore wannan ribar. Kayanta kuma sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a jira kwana biyu ko uku.

Bital, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, abar kallo ce, yara za su bi ka da gudu. Injinta na baya, iska ke sanyaya shi, ba lagireto. A zafin Afrilu da Mayu na Zamfara, inda ma'aunin zafi kan haura 40, sai mai kula da baƙin mai da fanbel ba dare ba rana, kuma wurin kayanta kaɗan ne. Landiroba za ta shiga fadama da damina ta fito, amma tankinta rijiya ce. Waɗannan biyun na mai mota ta biyu ne.

A ganina, mai kuɗi kaɗan da ke son tsohuwar mota mai fasali kuma ba ya son wahala, ya dubi Golf 2, wadda aka yi daga 1983 zuwa 1992, ko tsohuwar Corolla da Starlet na wannan zamani. Ba su da kwarjinin Marsandi, ba su da tarihin fijo, amma ba su da ci, kuma jinsin Golf ya cika tashoshin wannan hanya, don haka kowane gareji ya san su. Sharaɗi ɗaya ne: kada ta kasance ta taɓa yin haya.

To, an ga mota, ta kwanta a rai. Dillali zai ce, "Alhaji, ta wani dattijo ce, masallaci kawai yake zuwa da ita. Ka zuba mai ka kama hanya." A saurare shi, aikinsa yake yi, la'adarsa yake nema. Amma a je ganin motar da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita, tare da bakanikenka, ba nasa ba. A ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga ka, ka dawo gobe. Injin da ya kwana ba ya ɓoye komai. A tayar, mutum ɗaya ya tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin tana cin baƙin mai, ringi ko siliɓ sun gaji. Farin da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi na nufin ruwa na shiga silinda, gaskit ya ƙone ko tof ya lanƙwashe. Baƙi kuwa mai ne ya yi yawa, galibi saitin kafireto ne, shi ne mafi sauƙi. A buɗe murfin baƙin mai a dubi bayansa: in an ga wani fari-fari kamar kindirmo, ruwa da mai sun haɗu. Tun injin na da sanyi a buɗe lagireto, a bar shi yana aiki, a ga ko ruwan na tsattsafo da kumfa. Wannan ya fi muhimmanci a fijo, domin kan injinta na alminiyam ne, obahitin ɗaya mai tsanani na iya karkatar da shi.

Duk da haka, inji ana sake shi. Abin da ba a sakewa cikin sauƙi shi ne bodi da shasi, kuma nan ne masu saye suka fi yin sake, sabon fenti ya ɗauke musu hankali. A tafi da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne, a naɗe shi a ƙyalle a bi ƙofofi da gefuna. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa aka shafe. A ɗaga kafet a taka ƙasan, a cire safaya a leƙa ramin but, a shiga ƙarƙashi da tocila a nemi sabuwar walda a inda bai kamata ba. Motar da ta yi rayuwarta a arewa ta fi tsira daga tsatsa saboda bushewar iska, rana ce dai ke farfasa mata dashbod da robobi. Wadda ta zo daga Legas ko Fatakwal, ko daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ita ce abar tsoro. Akori-kurar da ta yi dakon takin zamani ma haka, taki na cin ƙarfe. Sannan a hau titi a saki sitiyari kaɗan, a ga ko tana ja gefe, a taka birki da ƙarfi, a bi giya ɗaya bayan ɗaya.

Takardu kuwa ba wasa. Lambar shasi da ta inji da ke jikin motar su dace da na takarda harafi da harafi, kuma kada a ga alamar an goge ko an sake bugawa. A nemi takardar mallaka, da ta kwastan in daga waje aka shigo da ita. In motar gado ce, a tabbata magada sun amince, kada bayan wata uku a kira ka gaban alƙali. In gwanjon gwamnati ce, a ga takardar gwanjon. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a sauya suna, a yi inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun Janairun 2023. A wannan yanki da shingayen jami'an tsaro suka yi yawa, mota marar cikakkun takardu jidali ce, ko da kyauta aka ba ka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba duk abin da ke aljihu a kan saye. Shawarata, a ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kafin a fara ciniki, a manta da shi. Da shi za a sayi taya da batir, a sake birki da tiyoyin ruwa da na mai, a wanke lagireto, a kira rewaya ya bi wayoyin da suka tsufa, domin su ke jawo gobara. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta yi shekaru a zaure, ko zanenta na nan daram, ta mutu. Fenti da kujeru su jira, su ne na ƙarshe.

A kuma tuna cewa waɗannan motoci an ƙera su ne kafin jakar iska da birkin zamani su zama gama-gari. A gyara bel ɗin kujera, a rage gudu, a ajiye fanbel da fulogi da kwantak da jarkar ruwa a but, a kuma yi tafiyar nesa da hantsi.

Wanda ya samu 504 salun ta gida, mai tsaftataccen bodi da cikakkun takardu, kuma yana da bakaniken da ya san ta a Mafara, ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda bai haɗa waɗannan ukun ba, ya nemi Golf 2, ya bar Marsandi sai kaka ta yi kyau.