Baƙin Rim Ya Shigo Kasuwa: A Duba Kafin A Sallama

Yau maganarmu a kan rim ɗin mota ce, watau ƙarfen nan da taya ke zama a kansa. Duk mai bin hanyar Zariya zuwa Kano, ko mai tsayawa Tashar Yari da Hunkuyi, ya ga yadda baƙin rim ya zama abin yayi. Da fari mai ƙyalli ake so, yanzu kuwa samari sun ce sai baƙi. To, zamani riga ne. Amma fa baƙin iri biyu ne, kuma wanda bai san bambancinsu ba, shi ne zai yi asara.

Tun 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, rim ɗin ƙarfe muka saba da shi, in ya lanƙwashe a buga da guduma ya miƙe. Daga baya motocin Beljiyam suka kawo na alminiyam, wanda ya fi kyau da rashin nauyi, amma shi in ya sha rami sau da yawa tsagewa yake yi. Tun kuwa da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan waje suka yi tsada, sai gyaran tsohon rim ya zama sana'a.

MENE NE FENTIN HODA?

Wannan fenti ba ruwa ba ne, gari ne busasshe. A ƙasashen Turai aka inganta shi cikin shekarun 1950 da 1960. Da farko akan kankare rim da feshin yashi har ƙarfe ya fito fes. Sa'an nan a fesa garin da wata bindiga mai sa masa cajin lantarki, sai ya manne jikin rim kamar yadda ƙura ke manne wa gilashin talabijin. Daga nan a sa a tanderu mai zafin digiri 180 zuwa 200, kamar minti 10 zuwa 20. Ku tuna a digiri 100 ruwa ke tafasa. Garin ya narke ya zama fata guda mai kauri, wadda ta fi fentin ruwa jure tsakuwa da tsatsa.

Ke nan ba aikin gindin bishiya ba ne. Yana son injin iska, da tanderun da rim zai shiga, da wuta tsayayya. Wanda ya ce maka ya yi fentin hoda, ka tambaye shi ina tanderunsa. In babu, fentin gwangwani ya fesa, wanda damina ɗaya kan isa ta ɓare shi.

Hodar ma kashi-kashi ce. Mai suna ifoksi ba ta son rana, takan koɗe ta yi fari-fari. Mai suna foliyesta ita ce ta dace da ranar ƙasarmu.

INDA HATSARIN YAKE

Baƙin fenti gwanin rufa asiri ne. Tsaga siririya, ko wurin da aka yi walda aka goge, duk baƙi yana shanye su. Motocinmu kuwa ba na yawon shan iska ba ne. Su ne ke ɗaukar raken Makarfi da Kudan, da kwandunan tumatir da buhunan masara daga Ikara, ga fasinja a kai, ga ramuka. Rim mai tsaga in ya saki a guje, ba kaya kaɗai ake rasawa ba, har rayuka.

Abu na biyu, alminiyam ba ya son wuta mai yawa. Wanda ya ƙona tsohon fenti da wutar walda, ko ya bar rim ya daɗe a tanderu fiye da ƙima, ya rage masa ƙarfi, ido kuwa ba ya ganin haka.

Na uku, bayan rim inda yake zama jikin ƙafar mota, da ramukan da noti ke kamawa, dole a rufe su kafin feshi. In hoda ta kwanta a nan, za a ɗaure noti tam, amma da tafiya ta yi nisa fentin ya murƙushe, sai noti ya saki.

ABIN DA ZA A DUBA

Ko a Panteka ta Kaduna ka sara, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko an kawo maka har rumfa, ga shawararmu:

Ɗaya, sa maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, alminiyam ne.

Biyu, jiƙa tsumma da tina ka goga a wani lungu daga ciki. Fentin gwangwani zai biyo tsumma nan take, hodar da ta gasu kuwa ba ta saurin saki.

Uku, juya rim ka haska cikinsa da tocila, ka bi gefe da yatsa. Tudu ko kaushi alamar walda ce.

Huɗu, rataye shi babu taya ka ƙwanƙwasa. Lafiyayye yana amo, mai tsaga yakan yi ƙara dakusasshiya.

Biyar, kai wa mai balansin ya juya shi a inji, in ya karkace za a gani.

Shida, ƙirga ramuka da tazararsu. Peugeot 406 rami 4 ne a kan milimita 108, Toyota Camry kuwa rami 5 a kan 114.3. Kada a yarda da wanda aka faɗaɗa wa rami don ya shiga.

GA DILLALAI

Mu dillalai jarinmu amana ce. La'adar da za ka ci a rim huɗu ba ta kai sunanka ba. In rim ya taɓa shan walda, a faɗa wa mai saye, a rage masa kuɗi, shi ya san inda zai sa shi. Rufe aibi da fenti algus ne, daidai yake da sa manyan tumatir a bakin kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Mai son baƙi kuma, gara ya sayi rim da tsohon fentinsa, ya gan shi tsirara bayan an kankare, sa'an nan a fesa. Araha dai ba ta ado.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai direbobinmu gida lafiya. Sai mako mai zuwa.