Hirar lafiya: abin da bugu yake yi a cikin kai

Hirarmu ta yau ta shafi ƴan wasa: ƴan kokowa, ƴan dambe da ƴan ƙwallo.

Mu a Maraɗi mun san kokowa. A 1975, da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, Yakuba Kantu, mutumin jiharmu, shi ya ɗauko takobin. Da sunansa ake kiran filin kokowar Maraɗi. Har yau, daga unguwar Zariya zuwa Tibiri, yara suna gwada ƙarfi bisa rairayi. Wasa abu ne mai kyau. Amma akwai haɗarin da ido ba ya gani.

Kun sha ganin an ka da yaro, kansa ya bugi ƙasa. Ya tashi yana tangaɗi. Babu jini, babu rauni. Sai a zuba masa ruwa, a ce: "Tashi, kai namiji ne!" To, me ya faru cikin kansa?

Yadda ƙwaƙwalwa take

Ƙwaƙwalwar babban mutum ta kusa kilo 1 da rabi. Tana da laushi. Tana zaune cikin ruwa, a cikin ƙoƙon kai, kamar dunƙulen fura cikin ƙwaryar nono. In ka girgiza ƙwaryar da ƙarfi, furar za ta bugi gefe ko da ƙwaryar ba ta fashe ba. Wannan shi ake ce wa girgizar ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa kashi biyu ce. Na sama ruwan toka ne. Na ciki fari ne. Farin kashin nan zarurruka ne, sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Su ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Kowane zare yana lulluɓe da kitse, kamar roba a jikin wayar lantarki. Kitsen nan shi ya sa wurin ya yi fari. In kai ya juya da ƙarfi farat ɗaya, zarurrukan sukan miƙe fiye da kima, su ji ciwo. Sai saƙo ya riƙa jinkiri. Shi ya sa mutum yake jin jiri, mantuwa da ciwon kai.

Hoton da ke bin ruwa

Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya lura tsofaffin ƴan dambe suna tafiya kamar masu maye. Amma lokacin babu na'urar da za ta nuna zarurrukan nan a ƙwaƙwalwar mai rai. Ko yau, hoton sikana yakan nuna karaya ko zubar jini ne. Ba ya nuna ciwon zarurrukan nan.

A 1994 Peter Basser da abokan aikinsa suka fito da wata dabara ta aiki da na'urar IRM. Dabarar tana bin tafiyar ruwa cikin ƙwaƙwalwa. Ku tuna da magudanan noman rani na Jiratawa. In magudana tana da lafiya, ruwa hanya ɗaya yake bi. In ta tsage, sai ya watsu ko'ina. Haka ruwan cikin farin kashin nan yake bin tsawon zare. In zaren ya ji ciwo, tafiyar ruwan takan canza, na'ura kuma ta gani.

A 2019, masu bincike a Toronto ta ƙasar Kanada sun bayyana abin da suka gani ga ƴan wasa 24 da suka bugu a kai. Shekara 1 bayan an ba su izinin komawa wasa, hoto bai daina nuna canji a farin kashin ba. Har yanzu hoton nan na masu bincike ne, ba a auna kowane majiyyaci da shi. Amma ya koya mana darasi babba: mutum yakan ji ya warke alhali ƙwaƙwalwarsa tana kan gyara. In bugu na biyu ya same shi kafin ya warke, abin yakan fi muni.

Abin da za mu yi

Mu ba mu buƙatar na'ura kafin mu kare yaranmu. Ga abu 5:

1. Wanda ya bugu a kai, ya ruɗe ko ya ji jiri, a fid da shi daga wasa. Kada ya koma ranar. Ba sai ya suma ba: yawancinsu ba su suma.
2. Kada a bar shi shi kaɗai daren farko.
3. Ya huta kwana 1 zuwa 2, sa'an nan ya fara ƙananan ayyuka sannu a hankali.
4. Kada ya koma kokowa ko dambe sai likita ya yarda. Babba yakan samu sauƙi cikin mako 2, yaro yakan kai mako 4.
5. A kai shi asibiti nan take in yana yawan amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya danne shi ba ya tasuwa, ko yana farfaɗiya, ko gefen jikinsa ya mutu, ko jini ko ruwa na fita ta kunne.

Ku iyaye, ku iyayen gidan ƴan wasa, ku makaɗa masu zuga: wanda ya zauna yau ba rago ba ne. Gobe ma rana ce. Takobi ana sake sa shi gasa baɗi, amma kai guda ɗaya Allah ya ba kowa.

A tattauna cikin aji

Me ya sa hoton sikana yake iya fitowa lafiya, alhali mutum ba shi da lafiya? Kowa ya rubuta alamomi 3 da ke sa a kai mutum asibiti nan take, ya karanta wa mutanen gidansa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.