Sabis ɗin da ke cin wasa a unguwa, a gasa asarar maki ne

Da la'asar sakaliya a Ƙaraye ko Rogo, matasa kan yi cincirindo a teburin ƙwallon tebur, wanda aka cinye ya ba na gaba wuri. A nan, gwani shi ne mai murza ƙwallo da yatsu ya buga ta kafin a ankara. A gasar hukuma kuwa, kyautar maki ya yi wa abokin karawarsa.

Dokar hukumar wasan ta duniya, ITTF, ta ce ƙwallo ta zauna a buɗaɗɗen tafin hannu, a bayan ƙarshen tebur. A cilla ta sama tsaye, aƙalla santimita 16, ba murzawa, sannan a buge ta tana saukowa. Ta fara dira a gefen mai bugu kafin ta tsallake raga. Tun 2002 aka haramta kare ta da hannu ko kafaɗa, kuma nan ne 'yan unguwa suka fi shan wuya, domin hannu ya riga ya saba.

Kowa sabis biyu yake yi, wasa ya ƙare a maki 11. In aka yi 10-10, sai a koma ɗaya-ɗaya har wani ya ba da tazarar biyu.