Ko Ka San Akwai Kifin da Ruwa Ke Ci?

A gaɓar teku mai duwatsu, irin ta Dakar, ruwa kan janye sau biyu tsakanin dare da rana, ya bar 'yan tafkuna a cikin kwarmin dutse. Yara da manya su bi su suna leƙe, ga ƙaguwa, ga dodon koɗi, ga 'yan kifayen da ruwa ya tafi ya bari. Haƙurin waɗannan halittu na 'yan sa'o'i ne, teku zai dawo. Mu nan Kano ba mu da teku, sai kududdufi da fadama. Ɗan unguwar Zaitawa ya san kududdufi, tunda daga irin waɗannan ramuka aka haƙo ƙasar da aka gina badala da gidajen cikin birni. Sai dai namu ruwan in ya tafi, sai bayan wata bakwai ko takwas. Kifin da ya fi kowa sanin yadda ake wannan dogon jira kuwa shi ne gaiwa.

Ana samun ta a fadamun Haɗeja da Nguru, da Tafkin Chadi, da kwarin Rima, har can Gambiya, inda aka ɗebo waɗanda Richard Owen na Ingila ya yi bayaninsu a 1839. Doguwa ce mai santsi, takan kusa kai mita ɗaya, a maimakon fukafukan kifi kuma wasu zaruruwa huɗu gare ta. Abin mamakin yana cikin cikinta: huhu biyu. Dole ta riƙa tasowa tana shaƙar iska, in aka danne ta a ƙasan ruwa aka hana ta ɗagowa, mutuwa za ta yi.

Da kaka ta wuce ruwa ya fara ja baya, sauran kifaye sai su taru a ɗan abin da ya rage, tsuntsaye da masunta su yi ta ɗiba. Ita kuwa sai ta sa kai cikin taɓo. Da baki take haƙa, ta gatsa laka ta fitar da ita ta gefen kai, har ta yi rami daidai jikinta. Ta naɗe, kai yana duban sama, wutsiya ta rufe fuska. Daga nan fatarta ta yi ta fitar da yauƙi, ya bushe ya zama kwanso ya lulluɓe ta ruf, in ban da 'yar kafa a saitin baki, inda iska ke shigowa ta ramin da ta bari. A 2021 masu bincike a Jami'ar New Mexico suka nuna cewa kwanson nan ba busasshen yauƙi ba ne kawai, akwai rayayyun ƙwayoyin garkuwar jiki a cikinsa masu tare cuta.

To me take ci? Mutanenmu sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci, kuma ba su yi ƙarya ba. Bugun zuciya da numfashi su ragu ƙwarai, jiki ya riƙa narkar da tsokarsa kaɗan-kaɗan. Matsalar da ta fi yunwa ita ce dattin jiki. Kifi a ruwa yake zubar da gubar amoniya, ita kuma babu ruwan. Sai hantarta ta mayar da gubar zuwa yuriya, sinadarin nan da manomi ya sani a buhun taki, ta tara a jiki sai damina. A ɗakin gwaji an ga wadda ta haura shekara 3 a haka. Ni dai wannan ya fi ba ni mamaki a kan huhun.

Da ruwan farko ya jiƙa ƙasa, kwanson ya narke, ta fito a rame. Shi ya sa ake ba da labarin gaiwar da aka haƙo cikin ƙasar gini ba a sani ba, aka yi tubali da ita, damina ta sauka ta faɗo daga bango. Labarin ya yaɗu ƙasashe da dama, kuma in ka duba halinta bai fi ƙarfinta ba. Bayan ta murmure sai hayayyafa, namijin ne ke gadin ƙwai a sheƙar da aka yi cikin ciyawar ruwa.

Jinsi shida ne danginta a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostareliya. Masana sun ce a cikin kifaye su ne mafi kusanci da dabbobin tudu, kuma kundin gadon halittar gaiwa ya ninka na mutum kusan sau 13.

Fadamar da take dogaro da ita ce ta sauya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu. Masu haƙo ta da rani kuma suna nan, ƙofar ramin suke nema a busasshiyar laka su sa fartanya. In ka ci karo da ita, kar ka kai yatsa kusa da bakinta, don da haƙoranta take farfasa ƙoƙon dodon koɗi.