Daga Landan Zuwa Legas a Kan Babur: Daren da Ƙafa Ta Karye a Dajin Mali

Ranar Talata 19 ga Afrilun 2022, ana cikin azumin Ramadan, wani ɗan Nijeriya mai suna Kunle Adeyanju ya tada babur daga birnin Landan da niyyar ba zai ajiye shi ba sai a Legas. Babur ɗin ƙirar Honda CB500X ne, matsakaici, ba irin manyan da masu yawon duniya suka fi hawa ba. Manufarsa ita ce tara kuɗi ga yaƙin da ƙungiyar Rotary take yi da cutar shan-inna. Ya ƙiyasta kwana 25 za su ishe shi. Bai iso ba sai ranar Lahadi 29 ga Mayu, bayan kwana 41 da tafiyar kilomita kusan 13,000. Abin lura a labarinsa yana cikin kwanaki 16 ɗin nan da suka ƙaru.

Farkon hanyar ba ta da wuya. Faransa da Sifaniya ƙasashe ne masu lafiyayyun tituna, sannan jirgin ruwa ya tsallakar da shi zuwa Maroko. Daga kudancin Maroko ne ƙasa take sauya fuska: titi ɗaya miƙaƙƙe ta Yammacin Sahara zuwa Muritaniya, teku a dama, rairayi a hagu, gidajen mai nesa da juna, ga iska mai ɗauke da yashi tana dukan mahayi ta gefe. Mai mota yana da rufi da gilashi, mai babur kuwa jikinsa ne garkuwarsa. Adeyanju ya sha ba da labarin zafin da ya gamu da shi a wannan yanki da guguwar yashi, ya kuma ce a Muritaniya an raba shi da wasu kuɗaɗensa. Duk da haka ya wuce Sanigal, ya shiga Mali.

A Mali ne ƙarfen da taya take zama a kai, wanda makanikai suke kira rim, ya karye. Ɗan'uwa mai karatu, wannan ba irin matsalar da mai faci yake gyarawa cikin rabin sa'a ba ce. Baburan da muka saba da su a garuruwanmu galibi ƙafafunsu na waya ne, da tiyub a ciki. In ƙafar ta lanƙwashe a rami, guduma da haƙurin bakanike suna iya miƙe ta. Ƙafar CB500X kuwa zubi ce ta alminiyom, tayarta ba ta da tiyub, bakin ƙarfen ne yake riƙe iska. Da zarar ya tsage, iska ta fice, babu famfon da zai mayar da ita. Kuma ba ƙafa ce da ake samu a kowace rumfar kayan babur a ƙauyen Sahel ba.

Dare ya same shi a daji shi kaɗai, a ƙasar da ba ya jin harshen mutanenta. Da kansa ya ba manema labarai labarin wannan dare. Abin da ya yi shi ne ya taka da ƙafa zuwa ƙauye mafi kusa ya nemi taimako, mutanen kuma suka taimake shi.

A ganina nan ne juriyar take, ba a yawan kilomita ba. Mutumin da dubban jama'a suke bibiyarsa a intanet suna yi masa kirari da mai zuciyar zaki, ga shi tsaye a ƙofar talakawan da ba su taɓa jin sunansa ba, yana nuni da hannu. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka dauriya ita ce mutum ya cije shi kaɗai har ya faɗi. Wannan taurin kai ne, kuma shi yake halaka matafiya a sahara. Malamanmu na fiƙihu, da suka zo bayanin ibnus sabil, wato ɗan hanya, sun ce shi ne matafiyin da guzuri ya yanke masa, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu. Sun fahimci cewa tafiya tana tuɓe wa mutum rigar matsayinsa. Katin banki ba ya ɗaga babur a tsakiyar dare. Hannun mutane ne yake ɗagawa.

Ba a nan jarrabawar ta tsaya ba. A wancan lokaci ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakokinta da Mali tun watan Janairun 2022 saboda jinkirin sojoji wajen mayar da mulki, ba a kuma janye takunkumin ba sai a watan Yuli. Kwaddibuwa ma iyakokinta na ƙasa suna rufe tun zamanin korona. Da Adeyanju ya isa iyakarta aka mayar da shi, dole ya karkata ta Burkina Faso, ƙasar da ita kanta take fama da 'yan bindiga. Lissafin kwana 25 yana nufin kilomita 520 a kowace rana. Abin da ya samu a ƙarshe bai wuce 320 ba. Ya saki jadawalin, ya saki hanyar da ya zana a taswira, bai saki Legas ba. Gaggawa, in ji Hausawa, aikin Shaiɗan ce, kuma wanda ya nace sai ya cika alƙawarin kalanda a irin waɗannan hanyoyi shi ne yake tuƙin dare, inda rami da jaki da babbar mota marar fitila suke jiransa.

Cutar da ya hau babur dominta ba baƙuwa ba ce a Arewa, kuma yaƙi da ita ya san irin wannan koma-baya. A 2003 an dakatar da rigakafin a Kano saboda zargi da rashin yarda, ba a dawo da shi ba sai a 2004. A 2015 an cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu, sai ga ta ta sake ɓulla a Borno a 2016, aka koma ƙirga daga farko. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Afganistan da Fakistan ne suka rage, shi ya sa har yanzu ake neman kuɗin rigakafi. Adeyanju ya ce abin ya shige shi ne saboda wani abokinsa na ƙuruciya da cutar ta nakasa.

Ya bi ta Gana da Togo da Jamhuriyar Benin, inda wasu mahaya babur suka tarye shi suka yi masa rakiya. Ya shigo gida ta iyakar Seme. Da 'yan jarida suka tare shi a Legas, cikin abubuwan da ya faɗa musu har da cewa barci yake bin sa bashi, domin sa'a uku zuwa huɗu kawai yake samu a kowane dare.