Ido Ba Ya Auna Ƙarfin Rodi

A Agege ta birnin Ikko, kowace safiya 'yan gwangwan sukan fita da kura suna sayen tsofaffin ƙarafa. Manyan motoci ke kwashe su zuwa masana'antun yankin Ikorodu, a narke su, a mai da su rodi. Da rodin nan ake gina benen da jama'a za su kwana a ciki. Amma narkakken tarkace ba kullum yake fita da ƙarfi ɗaya ba, ido kuwa ba ya rarrabewa.

Shi ya sa ake gwaji. Akan yanko guntun rodi, inji ya damƙe bakinsa biyu, ya riƙa ja a hankali, yana rubuta ƙarfin jan da yawan miƙewar. Da fari ƙarfe yakan miƙe kaɗan, in an sake shi ya koma yadda yake, kamar yadda Robert Hooke na Ingila ya bayyana a 1678. In ja ya wuce wata iyaka, ba ya komawa. Daga bisani sai ya sirance a wuri guda, ya tsinke. Rodi mai kaurin milimita 12, na aji 500, sai ja ya haura tan biyar da rabi kafin ya kai wannan iyaka. Nagari yakan miƙe sosai kafin ya tsinke, watau yana yin gargaɗi. Mai gautsi kuwa farat ɗaya yake karyewa.

Ƙarfen da aikinsa juyawa ne, kamar farfelar mota, murɗa shi ake yi, a auna juriyarsa.

Abin ba na wasa ba ne. A 2019 bene ya rushe a Ita-Faaji, mutum 20 suka rasu. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani mai hawa 21 ya faɗi a Ikoyi, ya hallaka fiye da 40. Dalilan rushewar gini suna da yawa, amma rodi marar ƙarfi abu ne da ake iya ganowa tun ba a zuba kankare ba.

Gwamnatin Jihar Legas tana da ɗakin gwajin kayan gini a Ojodu. Mai gini ya kai rodinsa, ya karɓi takardar sakamako. Ko a kasuwa ma sikeli yana taimako: sandar milimita 12 mai tsawon mita 12 nauyinta wajen kilo 10.7 ne. In ta gaza sosai, an rage ta. Araha dai ba ta ado.