Wa Za A Buɗe Wa Ƙofa Idan An Sa Gida A Kasuwa?

Da zarar labari ya bazu cewa za a sayar da gida, waya ba ta hutawa. Amma ba duk mai cewa zai zo ya gani ne mai saye ba. Akwai 'yan kallo, akwai dillalan da ke neman inda za su ɗora la'adarsu, akwai kuma wanda tsayin katanga da ƙwarin ƙofa ya zo dubawa.

Tun a waya ake tacewa. A faɗi farashi da irin takardar gidan: shaidar mallaka ta gwamnati ce, ko takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa. Wanda ya taya rabin kuɗi ya hutar da kowa. Sai a tambaya: kuɗin na hannu, ko sai an sayar da wata kadara? Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin tambayar, hasali ma shi zai nemi lambar fili ya bincika a ofishin bayanan filaye, wato KANGIS idan a Kano ne, ko AGIS a Abuja. Wanda kuwa ya dage sai ya biya tsaba a buhu, a yi hattara da shi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar fiye da naira miliyan 5 ba ta banki ba.

Gidan da iyali ke ciki ya fi buƙatar tsauri. A sa lokaci da rana, a sanar da matan gida da wuri, dillalin da aka sani ya rako baƙon. Kwafin takardu ake nunawa, na asali sai ranar ciniki.